Kwano Ɗaya a Manchester

Ko da zan manta hanyar gidanmu, ba zan manta Asabar ɗin da na ɗauki 'yata daga Birmingham na kai ta Manchester ba. Shekaru sun ja, kaina ya yi furfura, amma idan na rufe ido har yanzu ina ganin kumfar sabulu tana tashi a bayan wani gida, yara mata biyu suna bin ta da gudu, suna tari suna dariya.

A farkon shekarun dubu biyu ne. Muna zaune a wani ɗan flat, wato sashen gidan bene, a Sparkhill, bayan Stratford Road. Ni haifaffiyar zangon Kumasi ce, ina shara a wata makaranta, maigidana kuma yana tuƙin bas. 'Yarmu ɗaya ce tilo, shekararta takwas a lokacin. Tun tana jaririya, idan na sumbaci goshinta sai in ji gishiri a leɓena, tari kuwa ba ya barin ta. Mun yi sintiri wajen GP, wato likitan unguwa, har ƙafa ta gaji, ana ce mana asma ce, domin wai cutar da ake zargi ba ta cika kama baƙar fata ba. Sai da ta shekara uku aka gano cystic fibrosis ce, wadda suke kira CF. Gadonta ake yi. Majinar huhunta tana da kauri kamar kokon da ya huce, to idan ƙwayar cuta ta shiga sai ta sami wurin zama, kuma duk zaman da ta yi sai ta bar tabon da ba ya gogewa. Shi ya sa safe da yamma nake kwantar da ita in bubbuga mata ƙirji da baya har majinar ta fito.

Akwai wata nas mai jan gashi da take kula da mu a asibiti. Ta sha gaya mini cewa huhun 'yata tsaf yake, kuma babban abin tsoro shi ne wata ƙwayar cuta mai suna Pseudomonas, sunan da har yau harshena bai saba da shi ba. Ta ce yara masu CF suna ɗaukar ta daga juna, don haka ba a haɗa su, ko a asibiti kowa da ɗakinsa. Na gyaɗa kai na ce mata na ji. A zuciyata kuwa cewa na yi, Turawa ke nan, mutanen da maƙwabci zai kwanta ciwo wata guda ba wanda ya leƙa shi. Mu a wurinmu ba a gudun mara lafiya, zuwa ake yi a zauna kusa da shi. Ni a lokacin gani nake na fi likitoci sanin abin da ke warkar da mutum.

Ana nan sai wata abokiyar aikina, mai zuwa coci a Selly Oak, ta ce ta san wata mata 'yar Jos a Manchester wadda 'yarta take da irin ciwon nan. Ta ba ni lambarta. Ranar da na kira, karo na farko ke nan da na yi bayanin ciwon 'yata da Hausa, ba tare da na tsaya neman kalma ba. Na yi kuka har na ba kaina kunya. Ita Kirista ce, ni Musulma, ta girme ni da 'yan shekaru, amma kafin mu ajiye waya ina ce mata Yaya, tana ce mini ƙanwata. 'Ya'yanmu suka fara rubuta wa juna wasiƙa.

Wata rana bayan na gama bubbuga mata, 'yata ta tambaye ni da Turancinta na 'yan Birmingham ko wannan yarinyar mai aiko mata wasiƙa da gaske akwai ta, ko ni na ƙirƙiro ta don in kwantar mata da hankali. Maganar ta tsaya mini a rai. Da yamma na kira Manchester na ce muna tafe.

Yaya ta ce, "Ƙanwata, tawa fa tana da wannan ƙwayar, an ce ta riga ta zauna mata. Nas ɗinmu ta ce no mixing, kada a haɗa su."

Na ce, "Haba Yaya, ai ba tarin fuka ba ne. Yini ɗaya ne tak. Tun da muka zo ƙasar nan aikinsu ke nan raba mutane."

Ni ce na matsa mata, gara in faɗa a fili. Maigidana ma ya tambaye ni ko na sanar da asibiti, na ce zan tambaye su. Ban tambaya ba.

Yinin nan, wallahi, kamar a mafarki ya wuce. Rana ta fito, abin da ba kasafai take yi a ƙasar nan ba. Daga tagar jirgin ƙasa muna ganin tumaki sun bazu a korayen filaye, 'yata ta manna goshi da gilashi tana ƙirga su har ta rikice. Da aka buɗe mana ƙofa, yaran suka tsaya suna kallon juna, dukansu sirara, idanu manya. Sai ɗaya ta yi tari, ɗayar ta amsa da nata, suka fashe da dariya. Ba a yi minti biyar ba kowacce tana kwaikwayon Turancin 'yar'uwarta.

Yaya ta tuƙa tuwon acha da miyar kuka. Ta ɗauko faranti biyu, ni kuma na ce a'a, a zuba musu a kwano ɗaya yadda muka ci muka girma, su san su 'yan'uwa ne. Kafin su sa hannu, kowacce ta zaro ƙwayoyin maganin da take haɗiya kafin cin abinci, iri ɗaya, launi ɗaya. 'Yata, wadda a makaranta take ɓuya a banɗaki ta sha nata, ta ɗaga su sama kamar ta ci gasa. Suka sha ruwa a kofi ɗaya. Daga nan suka fita bayan gida da kwalbar ruwan sabulu, suna karɓa-karɓa da ɗan zoben da ake hurawa, daga bakin wannan zuwa bakin waccan. Kumfa ta cika wurin, wata ta ƙetare katanga, wata ta sauka a kan wankin maƙwabta. Da lokacin bugun ƙirji ya yi, muka kwantar da su a kan darduma gefe da gefe, ni da Yaya muna bugawa a tare har abin ya zama kiɗan ƙwarya, muna waƙa, su kuma muryarsu tana rawa. Barci ya kwashe su a kan matashi ɗaya. Na zauna ina kallon su, na ce a raina ban taɓa yi wa 'yata alheri kamar na yau ba.

Bayan 'yan makonni tarin 'yata ya sauya. Ya yi nauyi, kakin ya koma kore, abinci ya fita mata a rai. Aka ɗauki kakin aka gwada. Likita ya zaunar da mu ya ce ƙwayar ce. Sannan ya tambaya a hankali ko ta haɗu da wani yaro mai CF. Na kalli ƙasa na faɗa masa komai, har kwanon da kofin. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ƙwayar tana cikin ruwa da ƙasa ma, ba wanda zai rantse daga inda ta fito. Amma gwajin da suka ƙara yi ya nuna irin wadda take yawo daga majinyaci zuwa majinyaci ce. A hanyar gida maigidana magana ɗaya kawai ya yi: "Kin ce za ki tambaya."

Aka kwantar da ita mako biyu ana ba ta magani ta jijiya. Da na kira Manchester, ni da Yaya muka yi ta kuka, kowacce tana ɗora wa kanta laifin. Ta ce dubiya dai dole ce, ba za ta ji 'yarta tana asibiti ta zauna ba, don tawa ma "'yata" take ce mata. Ranar Asabar ita da yarinyarta suka zo Birmingham, amma ba su hau sama ba. Suka tsaya a wurin ajiye motoci, daidai ƙarƙashin tagar ɗakinmu a hawa na biyu. Yarinyar ta zaro kwalbar sabulu ta fara hurawa. Kumfar tana hawowa a hankali, wata ta fashe a hanya, wata ta iso har jikin gilashinmu. 'Yata ta tsaya da robar allura a hannu, ta manna tafinta a tagar.

Ta ce, "Mama, bari in sauka. Minti ɗaya kawai."

Na ce, "A'a."

Ban taɓa faɗin kalmar da ta yi mini ciwo kamarta ba, kuma ita ce ya kamata in faɗa wa kaina tun farko.

Ƙwayar ta ɓace wata uku ana shaƙa mata magani da na'ura, sannan ta dawo ta zauna. Daga baya likita ya nuna mini hoton huhunta, ya sa bakin biro a kan wani wuri ya ce wannan ba zai gyaru ba. Yau 'yata babbar mace ce, tana aikinta, amma idan za ta hau bene sai ta huta a tsakiya, ni kuma duk hutawar da ta yi ina jin ta a ƙirjina. Ita da ƙawarta ta Manchester kullum suna waya, ba su sake zama a ɗaki ɗaya ba. Na taɓa roƙonta gafara, sai ta yi dariya ta ce ai wannan Asabar ce ranar da ta fi so a duk yarintarta. Na san da gaske take, kuma hakan bai rage mini komai ba.

Abin da na koya shi ne, ƙauna ba ta sa mutum ya zama likita. Na ɗauka zumunci yana nufin kwano ɗaya da matashi ɗaya, sai na ga matar da ta taho tun daga Manchester don kawai ta tsaya a ƙarƙashin taga ta koma. Tun daga ranar, idan masu sanin ciwo suka ce kada a yi abu, ba na cewa na ji alhali zuciyata tana wata magana. Ina tsayawa in tambayi dalili, ko da amsar za ta hana ni abin da nake so.