Guzurin Hajiyar Maraɗi

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta ranar da cika baki ya kusa sa ni kashe surukina da yunwa a sararin samaniya.

Zuwansa Guangzhou na farko ke nan, ni kuwa tsohon hannu ne, ina ji da kaina. Ranar komawa muka yi sammako zuwa kasuwar Shahe ƙarasa sayayya, daga can sai filin jirgi. Baba, wato surukin nawa, ya ce mu tsaya ya ci wani abu, don maganin sugansa ba a shan sa ciki wayam.

"Haba Baba, kada ka ɓata cikinka," na ce. "Jirgin nan gidan biki ne. Shinkafa da kaza, shayi, har bargo za a lulluɓa maka."

A layi muka haɗu da wata Hajiya 'yar Maraɗi mai saro jakunkuna a kasuwar Shiling, ta rungume leda tana ƙamshin soyayyen nama. Bakina bai bar ni ba. "Hajiya, motar Jibiya za ki hau da wannan guzuri?" Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara riƙon ledarta.

Ashe kamfanin ya miƙa hanyar ga ƙaramin jirginsa mai arha. Ejan da ya yanko mana tikiti ya turo saƙo tun tuni, ni dai na ga tikiti ya yi sauƙi na yi hamdala, ban karanta sauran ba. Muna shiga na ga babu talabijin, babu bargo, gwiwata tana dukan kujerar gaba. Na yi kamar ban gani ba.

Aka yi awa biyu ba amon kaza. Baba ya leƙo ni. "Yaro, bikin an ɗaga ne?"

Na kira ma'aikaciya. Abinci sai wanda ya biya tun a ƙasa, wanda ake sayarwa kuma taliya ce mai naman alade. Na tambayi na halal, ta girgiza kai: "Meyo." Babu ke nan. Da na ga Baba ya fara galabaita, gumi na tsattsafo masa, wallahi tsoro ya kama ni. Me zan je in ce wa matata?

Sai aka taɓa ni ta baya. Hajiya ce, ta miƙo dabino, burodi da naman nan. "Ba tsoho shi ci. Kai ko ɗana, jira kazarka, tana bisa hanya."

Baba ya ci, ya sha magani, ya dawo hayyacinsa har da dariya. Ni kunya ta hana ni miƙa hannu, sai da ta tura mini ledar da kanta. Na cinye tas, har da lashe yatsu.

Tun daga ranar nake karanta tikiti har ƙasa, kuma ba na raina guzurin kowa. Baki shi ke yanka wuya. Har yau in an kawo kaza a gidansa, Baba sai ya tura mini kwanon ya ce, "Ga ta nan, ta iso."