Kafson Kasuwar Lolo Ya Kusa Sa Na Yaye Ɗiyata

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ina goyon fari, ɗiya mace 'yar wata biyar, a wani ƙauye kusa da Lolo. Karatuna bai wuce aji uku ba, ga ni da fargaba, ko tari yarinyar ta yi sai gabana ya faɗi. Tun da na gama wankan jego cikina ya rikice. Yau kumburi da ƙugi, gobe gudawa, wani lokaci kuma in kwana uku ban zaga ba. Duk ranar kasuwa sai in sayi kafso ja da yalo wurin masu shigo da shi daga Benin, in ɓare in zuba a koko. Kindirmo kuwa na haramta wa kaina, don a ganina abu mai tsami shi ke ruɓar da ciki. Da ciwon ya ƙi, sai na yanke cewa nonona ma ya gurɓace, gara in yaye ta kafin in cuce ta. Na koma ɗura mata ruwan koko, ina kallo wuyanta na sirancewa.

Wata dattijuwar nas 'yar kudu, Kirista, a wani asibiti a Bagudo, ita Allah ya haɗa ni da ita. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa na zazzage ƙullin kafson a teburinta, ta yi dariya ta ce ai da wannan sai in buɗe kemis. Bayan gwaji ta ce ba tsutsa, ba taifot. Ta kira ni ɗiyarta, ta ce a hanjin kowa akwai ƙananan halittu masu taya shi narka abinci, ni kuma kullum ina kashe su da kafso, ga shi na guji kindirmon da kan taimaka wa wasu. Ta ce hanjina mai saurin fushi ne, damuwa na tunzura shi, kuma masu bincike ma ba su gama gane shi ba. Sannan ta ɗora mini yarinyar a cinya, ta ja kujera ta zauna, ta ce ba inda zan je sai ta ga yarinyar ta sha nono. Yarinyar ta cafke kamar za ta haɗiye ni, ni kuwa hawaye kawai nake yi.

Har yau ciwon yakan leƙo, amma na san shi, ba ya firgita ni. Na gane tsoro ne ya fi ciwon yi mini ɓarna. 'Yan'uwana mata, kada ku mai da kafso abincin yau da kullum, kuma kada ku yanke wa jariri nono a kan zato. Ku je a duba ku. Ɗiyar nan da na kusa yayewa, yanzu ita ke goyon tata.