Baitin da Illiya Ya Manta

Yayana Illiya mai gurumi taurin kai gare shi kamar jakin Tabelot. Tun yana saurayi yake tsara waƙa a tashar Agadas, kuma masu tuƙin kamiyo kawai yake wa. Ya san sunan kowa da kirarin motarsa. A zamanin kaset, ba motar da za ta kama hanyar Damagaram ba muryarsa a ciki. Amma bai taɓa rubuta ko baiti ɗaya ba. Cewa yake waƙar da aka sa a takarda ta zama gawa.

Zamani ya juya. Rana ta narkar da kaset, tsufa ya cinye murya, masu motocin kuma ƙasa ta rufe rabinsu. Gidanmu da ake cika da shayi da dariya ya koma shiru. Wallahi ina kewar hayaniyar da na sha yi wa tsaki.

Sai ga mutumin nan ya buɗe shafi a intanet, wanda ake ce wa bulog. Na ce, "Yaya, kai da ka bar lakwal, makarantar boko, saboda rubutu?" Ya ce, "Hajara, ba waƙa nake rubutawa ba, labarinta nake bayarwa." Da yatsa ɗaya yake latsa wayar portabul kamar mai tsince tsakuwa a gero. Yakan faɗi wa aka yi wa waƙa da inda aka yi ta, sa'an nan ya rera da 'yar muryar da ta saura. Sannu a hankali 'ya'yan masu motocin suka gano shi, suna tambayar ko ya san ubanninsu.

Waƙa ɗaya ce ta hana shi sakat, ta amininsa Yakubu, wanda ya tafi hamada da kaya bai dawo ba. Baitin ƙarshe ya ɓace masa ƙurmus. Ya yi ta kaɗa gurumi yana tsayawa a wuri ɗaya, har ya rame. A ganinsa ya sake ɓatar da Yakubu. Daga baya ya sa ta a shafin da giɓinta, ya roƙi wanda ya riƙe ƙarshen ya taimake shi.

Amsa ta zo daga Jado, wurin masu haƙar zinariya. Lukumanu ne, ɗan Yakubu. Ya turo muryar mahaifiyarsa Ramata, wadda ya ɗauka a waya tana daka kafin ta rasu. Ya ce kullum waƙar nan take rerawa.

Muka saurara a tsakar gida. Ta bi waƙar tiryan-tiryan har wurin giɓin, sai ta ce ta ajiye tuwo a rufe, in an ji kukan mota a tashe ta.

Illiya ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. Yanzu na tuna. Nawa cewa ya yi Yakubu ya sauka lafiya, an fito tarye."

Na ce, "To, sai ka rera naka tunda ya dawo."

Ya share ido da gefen rawani, ya jawo gurumi. Ya ce, "A'a. Ni a tasha na tsara nawa. Ita ce ta yi jira."

Na Ramata ya rera, shi ne a shafin har yau.