Ba Zuciyarka Ce Ta Kashe Ka Ba, Ntate Mokhethi

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni na shekarar 2024, da misalin ƙarfe goma da rabi na safe, Ntate (wato Baba, a harshenmu) Mokhethi Ralejoe ya rasu a ɗaki na huɗu na gidan noman wiwi da ke Ha Sekete, yana da shekara hamsin da takwas. Mun binne shi ranar Asabar ɗin da ta wuce, kusa da kabarin mahaifinsa, cikin tsananin sanyi, domin a ƙasarmu Yuni lokacin hunturu ne. Ni ce Puseletso Nkhabu, mai gyaran ganye a wannan gida, kuma ni ce matar da ya jawo daga ɗakin kafin ya faɗi.

Na so in rubuta maka kalamai masu sanyi, Ntate, irin waɗanda suka dace da dattijo. Na kasa. Takardar da kamfani ya manna a bakin ƙofa ta ce ciwon zuciya ne ya ɗauke ka. Tun da na karanta ta raina bai kwanta ba, kuma ba na so ya kwanta.

Shekara huɗu ke nan da na fara ganin ka. An rufe kamfanin ɗinkin da nake aiki a Maseru, babban birninmu, na dawo gida da 'ya'ya biyu, aka ɗauke ni a nan. Ranar farko suka sa mini farar riga da hular roba, suka tura ni wurinka ka nuna mini ɗakuna. Da na ga tsirran jere a ƙarƙashin fitilu sai dariya ta kama ni. Na ce maka kakata ta yi wata biyu a kurkuku saboda wannan ganye, da 'yan sanda suka same shi a cikin masararta.

Ka ce, "Kakarki ba ta da takardar gwamnati ne, ausi 'yar'uwata, ba ta kuma da farar riga. Amma ta fi masu gidan nan wayo. Ita a fili take nomanta, Allah ke ba shi iska kyauta. Mu nan sayen iska muke yi."

Na ɗauka zolaya ce, sai ka kai ni bayan gini ka nuna mini babban tankin. Ka ce iskar da mutum ke fitarwa idan ya yi numfashi, wadda ake kira iskar kabon, ita ce abincin tsiro. Ɗakunanmu ba taga, ba rana, don haka ake tura musu ita ta bututu, furen ya yi ƙiba ya yi nauyi. Kafin ma'aikata su shiga, fankar da ke rufi takan zuƙe ta ta fitar, idan kuma ta yi yawa ƙararrawar da ke bango ta yi ƙara. Ka tsaya ka dube ni, fuskarka ba wasa.

"Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma ƙasa take kwanciya kamar ruwa. In kika ji kanki ya sara, ko barci ya zo miki da rana tsaka, kada ki zauna ki huta. Ki fita. Ko manaja na tsaye a kanki, ki ture shi ki fita."

Ba a takarda ka koyi wannan ba. Shekara ashirin da uku ka yi a ramin zinariya a Welkom, can tsallaken iyaka, aikinka auna iska kafin mutane su sauka. Ka taɓa gaya mana cewa sau biyu ka hana dubban maza shiga rami, Turawa masu ramin suna zagin ka, ka ƙi sa hannu har aka gyara. Ka dawo gida da huhu mai ƙaiƙayi da tari duk lokacin sanyi, amma ba ka taɓa barin mutum ko ɗaya a ƙasa ba. Da wannan kake alfahari, ba da komai ba.

Mu mata mun san alherinka. Da abokiyar aikinmu Limakatso ta samu ciki, kai ka je ofis sau uku har aka fitar da ita daga ɗakunan fure aka kai ta wurin shanya ganye, ka ce jaririn bai nemi aiki a kamfani ba, bai kamata ya shaƙi iskarsa ba. Bayan ta haihu ta dawo cikinmu, takan kira ka kakan yaro. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta a asibiti, da kanka ka kai ni a tsohuwar motarka, wadda sai an tura take tashi, ka jira ni a waje lulluɓe da bargonka har aka gama duba ta. Lokacin cin abinci kuwa, kwanon tuwon masara da miyar ganyen da matarka Mme Mamoliehi ke ɗaura maka bai taɓa zama naka kai kaɗai ba. Kakan ce matarka tana zuba maka abinci kamar har yanzu kana fasa dutse, mu taimake ka kada ta gane ka tsufa.

Yanzu zan faɗi abin da takardar kamfani ba ta faɗa ba.

Fankar ɗaki na huɗu ta fara ciwo tun watan Afrilu. Takan yi gurnani, ta tsaya, ta sake tashi. Ka rubuta wa manaja, Ntate Khoabane, wasiƙa. Ya ce ƙarfen gyaranta sai an kawo daga waje. Ka sake rubutawa a watan Mayu. Da sanyi ya shigo, ya sa aka toshe ƙananan kafofin iska da ke ƙasan bango don kada ɗumi ya fita. Daga nan ƙararrawa ta riƙa ƙara kusan kullum. Ranar da baƙi masu sayen kaya suka zo daga ƙetare, ta yi ƙara suna tsakiyar ɗaukar hoto, Ntate Khoabane ya ji kunya. Da yamma ya sa aka cire mata waya. Ina wurin kuka yi magana, ina wanke almakashi, kuma ban manta ko kalma ɗaya ba.

Ka ce, "Ntate, ƙararrawar nan ba ƙarya take yi ba. Mayar da ita."

Ya ce, "Ta lalace ne, ihu kawai take yi. Nan ba rami ba ne, tsoho. Gona ce."

"A gona akwai sama. Nan ina saman?"

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗarka, ya ce ka cika tsoro, in aikin ya yi maka nauyi akwai samari a bakin ƙofa suna jira. Ka rubuta wasiƙa ta uku. Daga ranar, kowace safiya kai kake fara shiga ɗakin da ɗan abin awonka na hannu kafin ka bar mu mu shiga.

Ranar Talatar ma ka auna da sassafe, komai lafiya. Abin da ba ka sani ba shi ne, bayan ƙarfe tara bakin bututun ya maƙale a buɗe, fanka kuma ta tsaya gaba ɗaya. Ina durƙushe ina tsinke ganyen ƙasa. Na ji kaina ya sara, na tuna maganarka, na yunƙura in tashi. Ƙafafuna suka ƙi. Abu na ƙarshe da na tuna shi ne sanyin siminti a kumatuna.

Sauran abokan aiki suka ba ni labari. Ka hango ni ta gilashin ƙofa, ka ja numfashi, ka shiga, ka kama wuyan rigata ka jawo ni har waje. Kana haki ka dubi allon da ake rubuta sunayen masu aiki a ɗaki, ka ga suna biyu: nawa da na Limakatso. An aike ta ɗakin shanya tun da safe, ba wanda ya goge sunan. Ka yi ihu a kawo abin rufe fuska mai iska. Akwatin da ake ajiye shi yana kulle. Mabuɗin yana aljihun Ntate Khoabane, shi kuma yana Maseru wurin taro. Suka ce ka jira a fasa. Ka ce, "Mai goyo ce," ka koma ciki. Ka bi layi-layi a sunkuye kana leƙa ƙarƙashin tebura, a daidai inda ka fi kowa sanin iskar take taruwa. Kafin su fasa akwatin da gatari su rufe tankin, ka daɗe a kwance a layi na ƙarshe.

Wannan suke kira ciwon zuciya. Sun ƙara da cewa ka shiga ɗakin ba da izini ba, kuma dama huhunka ya lalace tun a rami. Kwana biyu bayan rasuwarka aka sa sabuwar fanka. Ƙarfen da aka yi wata biyu ana jira daga waje, a kwana biyu ya iso. An mayar wa ƙararrawa wayarta, an buɗe kafofin bango, an rataye mabuɗin akwati a ƙusa inda kowa zai gani. Ba a rasa ko tukunya ɗaya ta tsiro ba. Na ji ana cewa furen ɗaki na huɗu ya yi kyau bana.

Ranar jana'iza Ntate Khoabane ya zo da furanni da buhunan garin masara, ya tsaya a gaban jama'a yana cewa kai uba ne ga kamfani. Mme Mamoliehi na zaune a kan katifa cikin baƙaƙen kaya, ba ta ɗaga kai ba. Da ya gama ta ce da ɗanta, a hankali amma kowa ya ji, "Mayar masa da garinsa mota. Mijina ya bar mana masara a rumbu." Mutumin ya tsaya kamar an dasa shi. Ba wanda ya ba shi kujera.

Jiya aka kira ni ofis. An ajiye mini takarda, an ce in sa hannu cewa jiri ne ya ɗebe ni saboda ban karya kumallo ba. Aka tuna mini cewa ina da 'ya'ya biyu, aiki kuma yana wuya a ƙasar nan. Na sani, Ntate. Na fi su sani. Na ce musu na ci tuwo da safen ranar har na ƙoshi, na ajiye musu alƙalaminsu. Mme Mamoliehi ta samo kwafin wasiƙunka uku a cikin akwatinka na ƙarfe, ka ajiye su a jere da kwanan watansu. Ranar Litinin za mu kai su ofishin ƙwadago, ni da ita da Limakatso. Limakatso ba ta iya cin abinci tun ranar, tana cewa sunanta ne ya kashe ka. Na gaya mata, kuma ina sake faɗa a nan don kowa ya karanta: ba sunanta ba ne. Wanda ya cire waya yana da suna, wanda ya kulle akwati yana da suna, masu gidan da suka ga wasiƙu uku suka yi shiru su ma suna da sunaye.

Fada ya ce mana a coci mu yafe. Zan yi ƙoƙari, amma ba yau ba, kuma ba kafin su faɗi gaskiya da bakinsu ba.

Mme Mamoliehi, ina miki ta'aziyya, ina kuma jin nauyin haɗa ido da ke, domin numfashin da nake yi na mijinki ne. Moliehi, Tumahole, Rethabile, mahaifinku bai mutu da rauni ba, kada ku yarda wani ya gaya wa 'ya'yanku haka. Ga dangin Ralejoe duka, da mutanen Ha Sekete, da tsofaffin abokansa na rami da suka zo da sandunansu suka yi masa waƙa a bakin kabari, Allah ya ba ku haƙuri.

Allah ya jiƙan ka, Ntate Mokhethi. Ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka da hannu biyu, ya ba ka hutun da ba ka samu a duniya ba. Ya tsare waɗanda za su shiga ɗakunan nan gobe da safe. Mu kuma da muka ga abin da ya faru, Allah ya hana mu yin shiru.