Babbar Tukunyar Inna

Saura ƙiris in bar labarin nan a cikina, don in Inna ta ji na saka ta a takarda ɗaya da ni, kunya sai ta hana ta fita ko suna. Ni ne ɗan farinta. A gidanmu kuwa, ƙauyen da ke bayan Nasarawar Burkullu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar ko ya ci abinci. Har na yi furfura, sunana a bakinta "wancan".

Tana da 'yar garka a bayan ɗakinta, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, ta kewaye da kara saboda awaki. Zogale, gwanda, ɗoɗɗoya, ciyawar shayi, lemun tsami guda, ga darbejiya ta leƙo daga waje. Ciwon ciki, a jiƙa ɗoɗɗoya. Mura, a dafa ciyawar shayi da citta a ƙaramin kwano. Amma akwai babbar tukunya ta ƙasa, wadda ba a sauko da ita sai jiki ya kwantar da mutum, a cika ta da ganye a yi masa sirace. Rabona da ganinta kan murhu tun jinyar Baba, wadda bai tashi ba.

Damina ce, ina Gummi wajen sayen shinkafa, zazzaɓi da tari suka kama ni. Na je asibiti, aka gwada jini, aka ba ni ƙwayoyi ina sha. Na kira ƙanwata da ke zaune kusa da Inna muka gaisa, ina magana ina tari. Washegari da hantsi sai ga kiranta.

"Yaya, Inna ta ce a hwaɗa ma, an sauko da babbar tukunya. In kana da hali ka taho."

"Wa ya kwanta?"

"Ni dai abin da ta ce ke nan."

Sai wayar ta yanke, ka san sabis ɗin ƙauye. Na sake kira, shiru.

Na yi yawo a duniya, Agadas, Kumasi, Ikko, har jirgin ruwan da ya so ya juye da mu na shiga, amma ban taɓa jin tafiya ta yi mini tsawo kamar ta ran nan ba. A gidan, Inna kaɗai ce tsohuwa. Wa za a sauko wa da tukunyar in ba ita ba? Na shiga mota, na sauka, na hau kabu-kabu, laka har gwiwa. Mai babur yana ba ni labarin tsadar taki, ni ina ta Hasbunallahu.

Tun daga zaure warin darbejiya ya tare ni. Na yi sallama, na nufi ɗakinta, na ɗaga labule. Tabarma a naɗe, ba kowa.

Can sai na ji ana faɗa da akuya a bayan ɗaki. Na zagaya. Ga Inna tsaye cikin garka, zani ɗaure tamau, sanda a hannu, tana kakkaɓo ganyen gwanda, ƙarfinta ma ya fi nawa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa wa katanga "lahiya lau", kamar yadda ta saba.

Nan na zauna daɓas a ƙasa. Dariya ta zo mini tare da tari.

Inna ta dubi ƙanwata, da ta biyo ni garkar. "Kin ji ko? Awa tsohon jaki. Shi na nij jiya cikin wayarki, ban yi kwana ba." Ta yi sauri ta gyara. "Sauro ya hana ni. Ki ce ma wancan ya tuɓe rigar."

"Inna, gaya mata na sha maganin asibiti," na ce, ni ma ina kallon ƙanwar tawa.

"Ki ce mai ya ci gaba da sha, ban hana ba. Nawa na buɗe hanci na."

Haka aka zaunar da ni kan turmi, da gemuna da komai, tukunya a gabana, aka lulluɓe ni da bargo. Tururin darbejiya da gwanda da ganyen lemu ya shige ni har ƙwaƙwalwa. Zufa kamar an kwara mini bokiti. In na ɗaga gefen bargon in sha iska, sai in ji sanda ta danne shi.

"Ki ce mai mai yawon duniya ba ya tsoron tururi."

A cikin duhun bargon nan, hawaye da zufa duk ɗaya ne, ba mai ganewa. Ina jin takunta tana kai da kawowa, tana yi wa akuya masifa, ban taɓa jin abin da ya fi shi daɗi ba.

Da aka buɗe ni, ga kofin ciyawar shayi da zuma a gefen turmi, ba wanda ya ga mai ajiyewa. Tarin bai tafi ran nan ba, amma na shaƙi iska har ƙasan ƙirji.

Da la'asar na ja ƙanwata zaure na ce ta kusa kashe ni da fargaba, me ya hana ta faɗa mini Inna lafiyarta ƙalau? Ta rufe baki da mayafi tana dariya.

"Yaya, tsakaninka da Allah, da na ce ma tukunyar taka ta, da ka taho?"