Ƙulli Biyu a Ƙarƙashin Kwala

A kasuwar gwanjo babu wanda bai san Mai Kwala ba. Sauran mata in an yanke igiyar dilar kaya, aljihu suke fara lalubawa, ko Allah zai sa wani mai ƙoshi ya manta da wani abu. Ita kuwa kwalar riga take ɗagawa, ta leƙa ƙarƙashi, ta ajiye, ta jawo wata. Shekara tara ke nan tana haka. Masu tsokana sun yi har sun gaji.

Da can tela ce, a wani kamfani da ke ɗinka riguna ana fita da su waje, ita da ƙanwarta Auta, keke kusa da keke. A layinsu in ɗinki ya ɓaci, wadda tsautsayi ya faɗa wa ake ɗora wa laifi, shi ya sa kowacce ta ƙirƙiro alamarta a ɓoye. Ta Auta ƙulli biyu ce da koren zare a ƙarƙashin kwala.

Rannan manaja ya tara su, ya ce kuɗin wata ƙasa ya karye, ɗinki ya fi arha a can. Ba laifin kowa ba ne, wai kasuwa ce. Har yau Mai Kwala ba ta haɗu da wannan kasuwar ba, balle ta faɗa mata abin da ke ranta. Cikin sati biyu aka kwance kekunan aka loda su a mota, aka yi can da su.

"Yaya, aiki ya yi ƙaura, zama bai kama mu ba," in ji Auta.

"Ke dai akwai rawar kai. In kin je wa kika sani?"

"Na san keke."

Auta ta bi masu tsallakar da mutane iyaka. Sau biyu ta bugo waya daga hanya, daga nan shiru kamar an shuka dusa. Abin da ke ci wa Mai Kwala rai shi ne riga za ta ƙetare teku, wani ya sa ta har ya gaji, ta dawo cikin dila, ba wanda ya tambaye ta takarda. Amma wadda ta ɗinka ta, ko muryarta ta kasa dawowa.

Wata Talata da hantsi ta ɗaga kwalar wata farar riga, sai ga koren zare, ƙulli biyu. Ta juya ɗan ƙyallen da ake rubuta inda aka ɗinka riga. Ba sunan ƙasarsu ba ne. Sunan ƙasar da kekunan suka tafi ne.

"Ta isa," ta ce. "Wallahi Auta ta isa!"

Maƙwabciyarta mai sayar da labule ta karɓi rigar, ta murza kwalar da yatsa. Ba muguwa ba ce, bakinta ne dai ba ya da birki.

"Baiwar Allah, dubi yadda ta ƙoɗe. Wannan ai ta fi shekara bakwai a wuyan wani."

Mai Kwala ta karɓe abarta. Ta ninke rigar ta tura ƙarƙashin tebur, tsoro ya dawo ya zauna inda ya saba zama. Tun daga ranar ko kallon tsofaffin riguna ba ta yi. Wadda ba ta sha wanki ba take nema.