Ƙaron da Na Kai wa Zainabu Lyon

Daga Aubervilliers zuwa tasha

Ranar Asabar ina idar da sallar asuba na saɓi jakata na fito, gari bai waye ba tukuna. Ku mutanen gida da kuka dame ni da tambayar yadda tafiyar Lyon ta kasance, ga labari, amma kada wanda ya yi mini dariya sai ya kai ƙarshe.

A jakar akwai kilishi da yaji, da ƙullin ƙaro mai kyau na Damagaram, irin wanda nake sayar wa masu gyaran shadda a shagona na Barbès. Mutanenmu na nan ba sa cewa ƙaro, "gom" suke cewa da Faransanci. To ɗiyata Zainabu, wadda ke karatun injiniya a Lyon, duk sanda na buga mata waya sai ta ce, "Inna, ina kan aikin gom." Ni kuwa na bi Barbès kaf ina shela cewa ɗiyata binciken ƙaro take yi, in ta gama za ta dawo ta riƙe shago. Maƙwabciyata Hajiya Mariama ta ce, "Yanzu ƙaro ma sai an je jami'a?" Na ce mata hassada ga mai rabo taki ce.

Na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai lamba bakwai, na canja a Châtelet, inda ko shekara nawa ka yi a Paris sai ƙafarka ta gaya maka. A jirgin ƙasa mai duba biye, wato tikiti, ya zo ya wuce, ni kuma na rungume jakata na yi ta gyangyaɗi. Awa biyu sai ga mu a Lyon.

Villeurbanne

Zainabu ta tarbe ni a tashar Part-Dieu, muka hau taram zuwa unguwar ɗalibai. Ɗakinta kuwa, in ka shimfiɗa dardumar salla to babu hanyar wucewa. Bayan mun gaisa na kwance ƙullin na ajiye mata a kan tebur.

"Ga na ainihi, ki gwada aikinki da shi. Na Turawa gauraye ne."

Ta dubi ƙaron, ta dube ni, sai ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye.

"Inna, ba wannan gom ɗin ba. Robar taya ce. Masu tseren mota haka suke kiranta."

Wallahi na ji kunya, na kuma ji haushi. Na ce, "Wato faci na turo ki ki koya?"

Ta share ido ta buɗe kwamfuta ta nuna mini. Wata ƙaramar ƙungiyar tsere ce ta ɗauke ta koyon aiki. Aikinta shi ne ta faɗa, tun kafin a tashi, yadda taya za ta cinye da kuma inda motarsu za ta ƙare. Tana duba zafin kwalta, nauyin mai, da yadda direba ke taka birki. Na ce wannan ai duba ne. Ta ce, "Ni ba boka ba ce, Inna, lissafi ne, kuma ina cewa in Allah ya yarda."

Sannan ta gaya mini abin da ke damunta, har ya hana ta cin abinci. Gobe Lahadi ne tserenta na ƙarshe. Shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai suna Bernard, ya ce in lissafinta ya yi daidai zai riƙe ta aiki, in bai yi ba, sai wata rana. Ba zan ɓoye muku ba, a lokacin zuciyata ta ce ai shago na nan yana jira.

Filin tsere

Da safe wani mai taksi ɗan Chadi, Malam Adamu, ya ɗauke mu zuwa filin, can bayan gari. Hausarsa ta kasuwa ce amma tana fita. Da ya ji inda za mu, ya ce, "Hajiya, kallo za ku?"

Na ce, "Aiki za mu." Ni kaina ban san sanda bakina ya faɗa ba.

A rumfar ƙungiyar an jera tayoyi kala biyu, mai laushi da mai tauri. Mai laushi ta fi gudu amma ba ta jimawa. Bernard ita yake so, don wata jar mota da ta fi kowa sauri jiya ita ta sa. Faransancina na kasuwa ne, amma gardama ko da wane yare ake yinta ina ganewa. Zainabu ta tsaya a gaban mazan nan. Ta ce rana za ta yi zafi, kuma yawancin kwanonin filin dama suke yi, don haka tayar gaba ta hagu ce za ta ɗauki wahala. A sa mai tauri, a ƙyale jar motar ta wuce, kafin a yi rabin tsere za ta koma canjin taya. Su kuwa na uku za su zo.

Bernard ya sosa ƙeya, ya dubi sama, ya ce a sa mai tauri.

Na ja ta gefe. "Ke, wa ke fita neman na uku? Ki ce na ɗaya mana."

"Motarmu ba ta kai ba, Inna. In na faɗi abin da suke son ji, me ya rage na aikina?"

Aka tashi. Ƙara kamar injin niƙa ɗari a ɗaki ɗaya. Jar motar ta wuce fuu, tamu kuwa wannan ya wuce ta, wancan ya wuce ta, har ta koma ta bakwai. Bernard ya daina kallon Zainabu. Wani makanike ya yi tsaki. Ni da nake son ta dawo shago, sai ga ni da carbi a hannu ina roƙon Allah kada ya kunyata yarinyar nan.

Can sai na ga jar motar ta fara buɗewa a kwana, kamar mai tafiya da takalmi silifa a kan laka. Ba a jima ba ta shigo rumfar da ke kusa da tamu. Da suka cire tayar gaba ta hagu suka jefar, na leƙa da idona: ta cinye sumul, gefenta duk ya ɗaye. Sauran masu taya mai laushi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, tamu kuwa tana ta zagayenta. Da aka kaɗa tuta, na uku muka zo. Ba na biyu ba, ba na huɗu ba.

Na yi guɗa. Turawa suka juyo, ban damu ba, na ƙara wata. Bernard ya zo ya miƙa wa Zainabu farar rigar ƙungiya, ya dube ni ya ce, "Madam, ɗiyarki ta san gom."

Na ce, "A gida ta gada."

Komawa

Litinin na hau jirgin hantsi, la'asar ta same ni a shago. Rigar na taho da ita, domin duk a yamutse suka ba ta, kuma ɗiyata ba za ta fara aiki da yamutsattsen tufa ba. Ƙullin ƙaron ma ya dawo tare da ni. Na jiƙa shi, na tace, na tsoma rigar.

Hajiya Mariama ta leƙo. "To uwar mai bincike, yaushe za ta dawo ta riƙe shagon?"

"Ba za ta dawo ba," na ce, ina matse rigar. Faɗar ta yi mini zafi, amma ban taɓa faɗar magana da alfahari kamar wannan ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Adamu, na kuma gode wa Mariama, don ita ta riƙe mini ɗaya hannun rigar muka shanya.